Ɗinkin Bargo da Zanen Gado a Suleja: Yanke Farashi da Tsare Jari a Lokacin Tsadar Rayuwa

Ɗinkin bargo mai ciko sana'a ce da ake haɗa yadi biyu, na sama da na ƙasa, a shimfiɗa auduga ko fiba a tsakaninsu, sannan a bi su da layukan ɗinki domin cikon ya zauna wuri guda, kada ya dunƙule idan an wanke. A Suleja da garuruwan da ke kewaye da ita, irin su Madalla da Kwamba da Gauraka, masu wannan aiki galibi su ne masu ɗinka zannuwan gado da rigunan filo da labule, wato kayan da ake jera wa amarya a ɗakinta. Da yawansu mata ne da ke aiki a cikin gida da keke ɗaya ko biyu, wasu kuma teloli ne masu shago a bakin titi ko a Kasuwar IBB.

Dabarar ta daɗe a ƙasar Hausa. Lifidin da ake sa wa dawaki da mahayansu a fagen yaƙi da irin wannan ɗinki ake yin sa, ana cusa masa audugar rimi har ya yi kaurin da kibiya ba za ta huda shi cikin sauƙi ba. Littafin Tarihin Kano ya danganta shigo da lifidi ga Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, kuma har gobe ana ganin 'yan lifida a hawan Sallah. Masarautar Suleja kanta reshe ce ta tsohon gidan sarautar Zazzau da ya baro Zariya bayan jihadi, har Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828. Sunan garin ya koma Suleja ne bayan da aka ɗauki tsohon sunan aka ba sabon babban birnin tarayya da aka ƙirƙiro a 1976. Masu katifar rimi ma sun daɗe suna irin wannan ɗinki da basilla da zare mai kauri, kafin katifar soso ta ture su gefe.

Abin da ya canza shi ne inda kayan aikin ke fitowa. A da audugar rimi da saƙi na gida ne. Yanzu yadin zanen gado da fiba da zare da zif, mafi yawansu ko dai daga waje ake shigo da su, musamman daga ƙasar Sin, ko kuma ana yin su da kayan da aka shigo da su. Masaƙun Kaduna da suka riƙe Arewa tun daga 1957, lokacin da aka buɗe ta farko, sun durƙushe ɗaya bayan ɗaya a farkon shekarun 2000. Mai ɗinki a Suleja tana sayen yadinta a hannun 'yan kasuwar da suka saro daga Kantin Kwari a Kano, ko daga Legas da Aba da Anacha. Saboda haka farashin dala yana shiga har cikin ɗakin ɗinkinta, ko da ba ta taɓa riƙe dala ba.

Wannan ne ya sa shekarun baya-bayan nan suka yi wa sana'ar nauyi. A ranar 29 ga Mayu, 2023, aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, sannan ta wuce 1,000 a Abuja a Oktoban 2024. A watan Yunin 2023 aka sakar wa kasuwa farashin naira, dalar da gwamnati ke ba da ita a kan kusan naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024. Kuɗin mota zuwa kasuwa, man janareta, kuɗin dakon kaya daga Kano, duk sun tashi tare. Masu sayen kuma, waɗanda da yawansu ma'aikata ne da ke kwana a Suleja su wayi gari a Abuja, kuɗin abinci da na mota sun cinye albashinsu, bargo ya koma abin da ake cewa sai an samu sarari.

A irin wannan yanayi, kuskuren da ya fi kashe jari shi ne yanke farashi bisa kuɗin da aka sayi kaya a baya. Mai ɗinki ta sayi bandir na yadi wata uku da suka wuce, ta ɗinka, ta ɗora 'yar riba a kan kuɗin da ta biya a wancan lokaci, ta sayar tana murna. Sai ta koma kasuwa ta tarar uwar kuɗi da ribar gaba ɗaya ba za su sayo mata yadin da ta fara da shi ba. A takarda ta ci riba, a zahiri kayanta sun ragu. Idan aka maimaita haka sau uku ko huɗu, wadda take iya ɗinka saiti goma za ta koma ɗinka shida ba tare da ta san inda huɗu suka tafi ba. Ƙa'idar ita ce a lissafa kowane kaya da farashin da za a sake sayensa yau, ko da an saye shi da araha jiya. Kiran waya ɗaya zuwa ga mai sayar da yadi kafin a faɗa wa mai saye farashi ya isa.

Lissafin farashi yana da sassa huɗu, kuma na farko kaɗai aka fi tunawa. Shi ne kuɗin kaya: yadin sama da na ƙasa, fiba, zare, zif ko maɓalli, da ledar da za a sa saitin. Girman gado ne ke tantance yawan yadi, don haka gado shida da shida ba zai zo daidai da huɗu da shida ba, kuma dole a ƙara ɗan rara saboda abin da almakashi ke zubarwa. Kaurin fiba ma mataki-mataki ne, wanda ya dace da sanyin hunturu ya fi na shimfiɗar ado tsada.

Sashe na biyu shi ne kuɗaɗen da ba a ganinsu a jikin bargon: kuɗin mota zuwa kasuwa da dawowa, wutar lantarki ko man janareta, gawayin dutsen guga, katin waya da data, hayar shago, harajin ƙaramar hukuma, allura da man keke, da kuɗin mai gyara. Keken kansa yana tsufa da kowane ɗinki, kuma ranar da motarsa ta ƙone babu wanda zai biya sai mai shi. Hanya mai sauƙi ita ce a tara waɗannan kuɗaɗe na wata guda, a raba su da yawan saitin da aka saba ɗinkawa a wata, a ɗora wa kowane saiti kasonsa.

Na uku shi ne ladan hannu, kuma a nan ne mata masu aiki a gida suka fi cutar kansu. Saboda babu wanda suke biya albashi, sai su ɗauki lokacinsu tamkar kyauta, duk abin da ya rage bayan kuɗin yadi su kira shi riba. Alhali yanka, da shimfiɗa fiba, da kafe ta da fil, da bin layukan ɗinki, da daje baki, da guga, aiki ne da ke cin yini ɗaya zuwa uku gwargwadon adon da aka zaɓa. Layi miƙaƙƙe yana da sauri. Zanen lu'u-lu'u ko na fure, ko bargon da aka harhaɗa daga ƙananan ƙyallaye, yana iya ninka lokacin. Akwai ma'aunin da kowa zai iya amfani da shi: mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya zama naira 70,000 a watan Yulin 2024, Jihar Neja kuma ta amince da 80,000. Idan aka raba 70,000 da kwanakin aiki 22, ya kama kusan naira 3,200 a yini, kuma wannan na ma'aikacin da ke matakin farko ne. Wadda ta shafe shekaru tana koyon sana'a, ta sayi keke da kuɗinta, bai kamata yininta ya gaza haka ba.

Na huɗu ita ce riba, wadda ta sha bamban da ladan hannu. Ladan hannu na cefane ne, riba kuwa ta sana'ar ce, da ita ake ƙara jari da sayen sabon keke da jure watannin da babu ciniki. A ɗauki misali da lambobin da aka zaɓa don sauƙin lissafi: yadi 12 a kan naira 2,500 kowanne ya kama 30,000, fiba 8,000, zare da zif da leda 2,000, kason mota da wuta da gyara 4,500, aikin yini biyu a kan 6,000 ya kama 12,000. Jimilla 56,500. Idan aka ɗora ribar kashi 15 cikin ɗari, saitin ya tashi kusan 65,000. Mai ɗinkin da ta lissafa kuɗin kaya kaɗai, ta ga 40,000, ta sayar a 48,000, za ta ɗauka ta samu 8,000. Bayan an cire kason mota da wuta, abin da ya rage mata 3,500 ne na aikin yini biyu.

Sanin wannan adadi yana canza yadda ake ciniki. Al'adar kasuwar Hausa taya da ragi ce, kuma mai saye yana jin daɗi idan an rage masa ko da kaɗan ne. Babu laifi a bar gurbin ragi a farashin farko, matuƙar mai sana'a ta san iyakar da idan aka taya ƙasa da ita amsarta "albarka" ce. Idan mai saye ya ce kuɗinsa bai kai ba, abin da ake ragewa shi ne aikin: a sa fiba mara kauri, a yi layi miƙaƙƙe maimakon fure, a yi rigunan filo biyu maimakon huɗu. Masu wayo suna ajiye samfuri hawa uku, na araha da matsakaici da na alfarma, kowa ya zaɓi daidai aljihunsa. Wanda ya kawo yadinsa kuma a yanka masa kuɗin ɗinki da na fiba daban, a kuma auna yadin a gabansa.

Sai batun bashi, wanda ya fi tsadar yadi rusa masu ɗinkin kayan ɗaki. Uwar amarya tana cikin matsi, biki ya ƙarato, 'yar uwa ce ko maƙwabciya, sai a ji nauyin tambayarta kuɗi. A ɗinka saiti uku da jarin mai sana'a, a yi jere, a watse, biya kuma sai an ga hali. A lokacin da farashi ke tashi kowane wata, bashin da aka biya bayan wata shida ya riga ya zube daraja ko da an biya shi cif. Maganin da masu sana'a suka daɗe da sani shi ne kafin alƙalami, kuma a wannan zamani ya kamata ya rufe kuɗin kaya gaba ɗaya, a sayo su a ranar ko washegari. Cikon kuma a karɓa kafin kaya su fita. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayani a kan cinikin abin da ba a riga an ƙera ba, inda suka shardanta a fayyace siffarsa da farashinsa da lokacin miƙa shi. Saƙo ɗaya a WhatsApp mai ɗauke da girman gado, launi, yawan filo, farashi da ranar karɓa yana kashe rigima tun kafin ta taso. Yana da kyau a kuma faɗa cewa farashin da aka bayar na mako ɗaya ne ko biyu.

Gasa tana zuwa daga ɓangare biyu: bargunan kamfani da ake shigowa da su a cikin jaka, da na gwanjo da ake kwancewa daga dila. Mai keke ɗaya ba za ta iya karya farashi ta kai nasu ba, kuma ƙoƙarin hakan ɓata lokaci ne. Inda ta fi su shi ne abin da ba sa iyawa: ɗinki daidai girman gadon da kafinta ya ƙera, launin da ya shiga da labule da kujeru, da gyara idan wani wuri ya farke. Tarihin Suleja ma yana da darasi a kan kasuwa. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ta ƙware a ginin tukwane tun kafin 1954, lokacin da ta shiga cibiyar koyar da tukwane da Michael Cardew ya kafa a garin. Da aikinta ya isa wuraren baje koli a Landan sai darajarsa ta zama wata daban. Suleja tana bakin ƙofar Abuja, inda otal-otal da gidajen saukar baƙi da makarantun kwana ke buƙatar zannuwan gado da yawa, kuma suna komawa ga wanda ya cika alkawari. Sai dai irin waɗannan wurare sukan nemi rasit da asusun banki mai sunan sana'a, abin da ke buƙatar rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta CAC. Hukumar SMEDAN mai kula da ƙanana da matsakaitan sana'o'i ita ma tana rajistar masu ƙaramin jari.

Ciniki kuma yana da lokutansa. Yana tashi da shigowar hunturu daga Nuwamba zuwa Janairu, da bukukuwan Disamba, da auren da ake gaggautawa kafin azumi, da na bayan Sallah. Yana kwantawa a zafin Maris da Afrilu, da lokacin biyan kuɗin makaranta. A watannin da babu oda ne ake juya ragowar ƙyallaye zuwa shimfiɗar jarirai da rigunan filon kujera da jakunkunan Alƙur'ani, kayan da kuɗinsu kaɗan ne amma suna fita da sauri. Adashi yana taimakawa wajen sayen yadi bandir guda a farashin sari, musamman idan masu ɗinki uku ko huɗu suka haɗa kuɗi suka yi oda ɗaya, suka raba kuɗin dako. Amma a lokacin hauhawar farashi wadda ta ɗauki kwasar ƙarshe ita ce ta yi asara, don haka gajeren zubi ya fi dogo.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai da littafi. Ƙaramin littafin makaranta ya wadatar: shafi ɗaya na abin da aka saya, ɗaya na abin da aka sayar, ɗaya na masu bashi, sannan kuɗin sana'a su zauna a asusu ko gwangwani daban da na cefane. A ƙarshen kowane wata a ƙirga yadi nawa ke ajiye, da yadi nawa kuɗin da ke hannu za su iya sayowa a farashin ranar. Idan jimillar ta gaza ta watan da ya wuce, farashin da ake sayarwa ya yi ƙasa, kuma dole a ɗaga shi kafin a karɓi oda ta gaba.