Yoyon Ruwan Inji Bayan Canza Gaskit: Inda Ake Neman Matsalar

Gaskit ɗin kan inji, wanda kanikawa ke kira tof gaskit, siririn faifai ne da ake shimfiɗawa tsakanin kan inji da gangar jikinsa, wato bulok. Hanyoyi uku yake rabawa: ɗakin wuta inda fetur ke ƙonewa, magudanar ruwan sanyaya inji, da magudanar baƙin mai. Canza shi aiki ne mai cin kuɗi da lokaci, domin sai an kwance kusan duk saman injin kafin a kai gare shi. Shi ya sa idan mota ta dawo daga gareji ruwa ya ci gaba da raguwa, hankalin mai ita ke tashi, ya ce gaskit ya sake ƙonewa. Sau da yawa ba haka ba ne, kuma sake kwance inji kafin a gano ainihin inda ruwan ke bi asara ce a kan asara.

Akwai raguwar ruwa da ba yoyo ba ce. Lokacin aikin an zubar da ruwan injin gaba ɗaya, idan aka zuba sabo iska kan maƙale a lunguna, musamman a bututun hita da bayan tamostat. Da injin ya yi zafi ya huce sau biyu ko uku, iskar ta fita, ruwa ya maye gurbinta, sai a ga robar ajiyar ruwa ta yi ƙasa. Maganinsa a buɗe murfin lagireto inji na sanyi, a kunna hita har ƙarshe, a bar injin yana aiki har fanka ta tashi, ana ƙara ruwa kaɗan-kaɗan har kumfa ta daina fitowa. Haka nan farin hayaƙi daga salansa a ranar farko yana iya zama ragowar ruwan da ya taru a cikinta tun tsohon gaskit na yoyo. Wanda ya ci gaba bayan tafiya mai nisa shi ne abin damuwa.

Idan raguwar ta ƙi tsayawa, sai a wanke injin, a bari ya bushe sarai, a shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ta kwana. Ɗigon da ke kan kwalin yankin matsalar kawai yake nunawa. Yoyon inji kamar yoyon rufin ɗaki ne, inda ruwa ke ɗiga ba lallai nan ramin yake ba. Ruwa na gangarawa ƙasa, fanka da iskar tafiya kuma na kora shi baya, saboda haka wurin da ya fi tsawo a cikin wuraren da suka jiƙe shi ake nema, da tocila da ɗan madubi. Ruwan sanyaya inji mai launi yana taimakawa a nan, don idan ya bushe yana barin shaida fara-fara ko ja-ja ko kore a bakin ramin.

Gwajin da ya fi kowane amfani shi ne na matsin iska. Ana ɗaura ɗan famfon hannu mai agogo a bakin lagireto, inji na sanyi, a buga iska daidai da abin da aka rubuta a kan murfin, wanda a yawancin ƙananan motoci yake tsakanin bar 0.9 da 1.1. Sai a jira minti goma sha biyar zuwa ashirin. Idan allurar agogon ta sauka, akwai yoyo, kuma matsin zai tura ruwan ya fito a gan shi ba tare da zafi ko ƙarar inji ba. Kayan gwajin nan ba su kai kuɗin gaskit da aikinsa ba, amma abin takaici garejoji da yawa ba su ajiye su. Shi kansa murfin lagireto a gwada shi. Matsin da yake riƙewa ne ke hana ruwa tafasa sai ya kusa digiri 120, kuma murfin da robarsa ta mutu yana zubar da ruwa ta robar ajiya ba tare da inji na da wani laifi ba.

Mafi yawan yoyon da ke biyo bayan wannan aiki daga abubuwan da hannu ya taɓa yake fitowa. Tsohon tiyo da ya shekara yana manne, da zarar an murɗe shi an cire, ba ya komawa yadda yake. Kilif ɗin da ba a mayar bayan ƙullin bututu ba, ƙaramar robar zobe da ta karkace lokacin saka bututun ƙarfe, gidan tamostat na roba da ya tsage saboda an matse shi fiye da kima, na'urar auna zafi da ba a ɗaure sosai ba, duk waɗannan suna zubar da ruwa a kusa da layin gaskit har a ɗora masa laifi. Injuna masu silinda shida a jere biyu suna da gaskit biyu, kuma suna da kwari a tsakiyarsu. A injin 1MZ-FE na Toyota, wanda ke cikin Sienna da Camry da Lexus RX300, akwai gajeren tiyon ruwa a cikin wannan kwarin ƙarƙashin manifol, inda ido ba ya kaiwa. Ruwan kan taru a can ya gangaro ta wajen giya. Bakanike mai lura yana canza tiyon nan tun injin na buɗe. Idan kuma kafet ɗin gaban fasinja ya jiƙe, ko gilashi na yin raɓa mai ƙamshin zaƙi, hita ce ta fashe.

Idan agogo ya sauka amma ba a ga ɗigo ko ɗaya a waje ba, ruwan cikin inji yake shiga. A bar matsin ya daɗe, a kwance fulogogi, a leƙa kowace silinda. Fulogin da ya fi sauran haske, kamar an wanke shi, tururi ne ya wanke shi. Baƙin mai da ya koma ruwan madara a jikin sandar awo alama ce, haka inji mai kakkarwa da sassafe ya daidaita bayan 'yan daƙiƙoƙi, haka tiyon sama na lagireto da ke ƙanƙarewa jim kaɗan da tayar da inji mai sanyi. Akwai kuma gwajin sinadari: ana ɗora kwalba mai shuɗin ruwa a bakin lagireto a zuƙo iskar ciki, idan hayaƙin wuta na shiga ruwa sai shuɗin ya koma rawaya.

Sabon gaskit ba ya yoyo haka kawai. Kan injin motocin zamani na alminiyom ne, kuma zafin da ya ƙone tsohon gaskit yakan lanƙwasa shi. Lanƙwasar da masu ƙera inji ke yarda da ita ƙanƙanuwa ce ƙwarai, tsakanin milimita 0.05 da 0.1, wato wajen kaurin gashin kai, ido ba ya ganinta. Da miƙaƙƙen ƙarfen awo da siraran ƙarafan gwaji ake auna ta, a tsaye da kwance da kusurwa zuwa kusurwa, a kan inji da kuma bulok. Wanda ya wuce iyaka sai a kai shi wurin masu injin goge ƙarfe. Gogewa da sanfefa a hannu tana ƙara ɓata fuskar, musamman ga gaskit mai falle-fallen ƙarfe da ke buƙatar fuska sumul. Shafa masa gam kuwa, in ba inda littafin injin ya ce ba, yana hana shi zama daidai. Tsaga a jikin kan injin ma tana yiwuwa, yawanci tsakanin bawul biyu, kuma wata ba ta buɗewa sai ƙarfe ya yi zafi.

Sai batun notuna, inda aiki mai kyau ke lalacewa a sa'ar ƙarshe. Injin silinda huɗu yawanci notuna goma ke riƙe kansa. Ana ɗaure su daga tsakiya zuwa gefe, mataki-mataki, da sifana mai awon ƙarfi, sannan a injuna da yawa a ƙara murɗawa digiri 90. Ƙarfin damtse ba awo ba ne. Irin waɗannan notuna suna miƙewa da gangan idan an ɗaure su, don haka wanda ya wuce ma'auni sai sabo. Ruwa ko mai da ya rage a gindin ramin noti yana sa sifana ta nuna ya ɗauru alhali bai danne gaskit ba, har yana iya fasa bulok. Dole a busar da kowane rami.

Injin 2AZ-FE mai lita 2.4, na Camry ƙirar 2002 zuwa 2006 da ta cika titunan Najeriya, misali ne sananne. Bulok ɗinsa alminiyom ne, kuma zaren ramukan notunan baya, ɓangaren manifol ɗin shigar iska, yakan cinye. Ruwa sai ya riƙa tsattsafowa ta bayan inji. Komai kyan sabon gaskit, notin da ba shi da abin kamawa ba zai danne shi ba. Alamarsa ita ce notin da ke ta juyawa bai tsaya ba, ko wanda ya fito da ɓarɓashin alminiyom a jikinsa. Gyaran shi ne a huda ramin a saka masa hannun rigar ƙarfe mai sabon zare, kuma Toyota da kansa ya fitar wa kanikawansa umarnin yin hakan.

Ko an toshe yoyon, akwai sauran tambaya: me ya sa injin ya yi zafi tun farko? Lagireto da ya toshe, fanka da ba ta tashi, ko famfon ruwa da fukafukansa suka cinye, kowannensu zai ƙone gaskit na biyu. Cire tamostat, al'adar da ta yaɗu a garejojin ƙasashe masu zafi, ɓoye matsalar take yi. Ruwan rijiya ko na famfo zalla kuwa yana haifar da tsatsa da ke huda ƙananan murafan ƙarfe na gefen bulok, shi ya sa ake haɗa ruwa mai tsabta da sinadarin sanyaya inji rabi da rabi. Sinadarin nan yana da zaƙi kuma guba ne, wanda ya zube a ƙasa a share shi kafin yara ko dabbobi su kai gare shi. Murfin lagireto kuma ba a buɗe shi sai hannu ya iya riƙe tiyon sama ba tare da ƙuna ba.