Hayar Mota a Ƙasashen Waje: Inda Tsabar Kuɗi Ba Ta Karɓo Makulli

Matafiyin da ya sauka a filin jirgin sama na Heathrow ko na birnin New York da niyyar ɗaukar hayar mota yakan zaci muddin yana riƙe da fasfo da lasisin tuƙi da kuɗi a aljihu, to magana ta ƙare. Sai ya isa gaban ma'aikacin kamfanin a nemi ya miƙo katin bashi mai ɗauke da sunansa. Idan babu, sau da yawa a nan cinikin yake mutuwa, ko da kuwa zai zube damin fam ko dala a kan kanta. Wannan ƙa'ida ta sha barin magidanta tsaye da iyali da kaya cikin dare, suna neman tasi da ninkin kuɗin da suka tanada.

Abin da akasarin mutane ba su gane ba shi ne, ba don biyan kuɗin haya kawai kamfanin yake neman katin ba. Jingina ce. Kamfanin zai miƙa motar dubban daloli ga baƙon da bai taɓa gani ba, wanda kuma zai iya barin ƙasar kafin a gano cewa ya ƙuje ƙofa, ko ya dawo da tanki babu mai, ko kuma kyamarar kan hanya ta kama shi yana gudun da ya wuce ƙa'ida. Saboda haka kafin a ba shi makulli sai a sa bankinsa ya riƙe wani adadi a kan katin. A Amurka yawanci kuɗin hayar ne tare da ƙarin 'yan ɗaruruwan daloli. A ƙasashen Turai kuwa, inda akan riƙe daidai kason ɓarnar da inshora ba za ta ɗauka ba, adadin yakan haura euro 1,000.

A nan ne bambancin katunan biyu yake fitowa fili. A katin bashi, kuɗin banki ne ake riƙewa, abin da kawai zai ragu shi ne iyakar rancen da aka yarje wa mai katin. A katin cirar kuɗi, wato wanda aka fi sani da katin ATM, kuɗin mutum ne na kansa ake kullewa a asusunsa, ba zai iya taɓa su ba har sai an sake su, kuma idan asusun bai kai ba to na'urar za ta ƙi katin nan take. Bayan haka kuma, a ganin kamfanonin, wanda banki ya amince ya ba shi katin bashi an riga an bincika tarihinsa na biyan bashi, don haka bankin ya ɗauke musu rabin aiki.

Sana'ar da katin tare suka girma. A shekarar 1946 Warren Avis ya buɗe wurin ba da hayar mota a filin jirgin sama na Willow Run kusa da birnin Detroit, a 1950 katin Diners Club ya fito, a 1958 kuma Bank of America ya fitar da katin da daga baya ya zama Visa. Ingila ta sami nata, Barclaycard, a 1966. Tun daga lokacin aka gina tsarin bisa zaton cewa duk mai hawa jirgi yana da irin wannan kati a aljihunsa.

To amma wannan zato bai shafi kowa ba, kuma Hausawa mazauna ƙetare na cikin waɗanda abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya. Musulmi da dama suna ƙaurace wa katin bashi saboda gudun riba. Malamai sun sha bamban kan wanda zai riƙe katin yana biyan abin da ya kashe kafin wa'adin da kuɗin ruwa ke fara hawa, wasu sun sassauta bisa larura, wasu kuma sun ce sa hannu kan sharaɗin ribar shi kansa bai halatta ba. Sai kuma ɗalibi ko sabon zuwa, wanda banki ba zai ba shi katin ba tun da ba shi da tarihin cin bashi a ƙasar. Baƙin da ke zuwa daga gida su ma suna da tasu matsalar: a 2022 bankunan Najeriya da dama sun rage abin da ake iya kashewa a waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, daga bisani suka dakatar da shi baki ɗaya, sai a 2025 wasunsu suka sake buɗewa tare da ƙayyade adadi. Katin da aka yi wa irin wannan iyaka da wuya ya ɗauki jinginar mota.

Ba wai ƙofa a rufe take ruf ba. Akwai rassan da ke karɓar katin cirar kuɗi, sai dai da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan kan sauya daga wannan reshe zuwa wancan ko da kamfani ɗaya ne. A filayen jiragen sama na Amurka akan nemi tikitin komawa, wasu wuraren kuma su nemi ƙarin shaidar adireshi ko su binciki tarihin bashin mutum, sannan galibi ba a ba da manyan motoci na alfarma a kan irin wannan kati. Katin da ake saya a zuba masa kuɗi kusan ko'ina ba a karɓarsa a matsayin jingina. Dole kuma sunan da ke kan katin ya zama na wanda aka rubuta a matsayin babban direba, don haka katin ɗan'uwa ko na maiɗaki ba ya amfani sai idan mai shi yana wurin kuma shi zai sa hannu. Kamfanoni da yawa ma sai sun ga katin a zahiri, ba wanda aka ajiye cikin wayar salula ba.

Babban ramin da aka fi faɗawa yana wajen kama mota ta intanet. Shafukan dillalai sukan karɓi kowane irin kati wajen biyan kuɗin haya, abin da kan sa mutum ya saki jiki cewa ya gama. Sharaɗin jinginar yana can ƙasa cikin ƙananan rubutu, kuma reshen da zai ba da motar ne yake zartar da shi, ba dillalin ba. Wanda ya je babu katin da ya dace zai iya rasa motar, ya kuma rasa kuɗin da ya biya. Wani lokaci ma'aikacin ya nuna masa mafita: ya sayi cikakkiyar inshorar kamfanin domin a rage jinginar ko a yafe ta. Mafita ce, amma mai tsada, domin a kan ƙaramar mota kuɗin inshorar kan kai na hayar kanta. Tambayar reshen kai tsaye kafin a biya, tare da neman amsa a rubuce, ita ce kaɗai ke kawar da wannan shakka.

Mayar da mota lafiya ba ya nufin kuɗin sun dawo a ranar. Kamfanin yakan saki jinginar da zarar an duba motar, amma banki ne ke da ta cewa kan lokacin da za su bayyana a asusu, abin da kan ɗauki kwanaki, wani lokaci har makonni. Ga wanda ya yi amfani da katin cirar kuɗi, wannan na nufin guzurin sauran tafiyarsa na iya kasancewa a kulle har bayan ya koma gida.