Tarwadar Amazon a Falo: Me Za a Ba Ta?

A shagon kifin ado za ka same ta ba ta wuce tsawon yatsa ba, baƙin baya, farin ciki, jar wutsiya. Wannan tarwada daga kogunan Amazon da Orinoco na Kudancin Amurka ta fito, kuma idan ta girma takan haura mita 1. Mai shago ba lallai ya gaya maka wannan ba.

Ni dai abin da na fi gani yana kashe ta shi ne yawan ba ta abinci. Tana ƙarama, a ba ta kullum ko bayan kwana ɗaya. Ta girma kuwa, sau 1 ko 2 a mako ya isa, domin a kogi ma takan cika ciki ne ta kwanta tana narkarwa. Yankan karfasa, jatan lande, tana, da dunƙulallen abincin kifi mai nutsewa ƙasa, su ne cimarta. Naman sa da na kaza ba nata ba ne. Kitsensu taruwa yake mata a hanta.

Masu jefa mata ƙananan kifaye masu rai don burge baƙi, ban goyi bayansu ba. Cuta irin waɗannan kifaye suke shigo da ita. Wasu kifayen, kamar kifin zinariya, suna ɗauke da sinadarin da ke lalata bitamin B1.

Sai batun ruwa. In ta ƙoshi fiye da kima takan amayar, akwatin gilashin da take ciki ya cika da amoniya cikin sa'o'i. A kwashe abin da ta amayar nan take. Tsakuwa da duk kifin da bakinta zai ɗauka ma a raba ta da su, haɗiyewa take.