Me Ake Nufi da Baiwa?

In Bahaushe ya ce wane yana da baiwa, yana nufin wata iyawa da aka haife shi da ita, kamar zaƙin murya ko saurin hadda. Kalmar daga bayarwa ta fito, shi ya sa yabon kan koma ga Allah, har a ƙara da "tubarkalla" gudun kambun baka. Da ita ake kwatanta marigayi mawaƙi Mamman Shata, wanda a lokacin rayuwarsa yake ƙaga waƙa nan take a gaban jama'a.

Wasu na ganin kalmar tana kashe zuciya, wanda bai samu ba ya naɗe hannu. Amma masu faɗarta ba sa raba ta da naci, domin almajiri mai baiwar hadda ma sai ya yi shekara da shekaru yana wanke allo, yana tilawa, kafin a kira shi alaramma.