Leipzig: Makarantar kiɗan da ta raya sunan mutumin da 'yan Nazi suka so shafewa

A wani dare cikin watan Nuwamban 1936, 'yan Nazi suka tumɓuke mutum-mutumin Felix Mendelssohn daga gaban babban zauren kaɗe-kaɗe na birnin Leipzig da ke gabashin Jamus. Laifinsa a wurinsu shi ne asalinsa Bayahude ne, duk da cewa an yi masa baftisma ya zama Kirista tun yana ɗan shekara bakwai.

Mendelssohn ɗin nan shi ne ya buɗe makarantar koyon kiɗa ta Leipzig ranar 2 ga Afrilun 1843, wadda ake yi wa kallon mafi daɗewa cikin manyan makarantun kiɗa na ƙasar.

Da dukiyar wasiyya aka kafa ta. Wani masanin shari'a mai suna Heinrich Blümner ne ya rasu ya bar kuɗin taler 20,000 domin raya fasaha, Mendelssohn kuma ya shawo kan Sarkin Saxony aka zuba su a makarantar. Cikin malaman farko akwai fitaccen mai tsara kiɗa Robert Schumann da gwanin goge Ferdinand David.

Mendelssohn bai daɗe yana ganin amfanin abin da ya shuka ba, domin ya rasu a 1847 yana da shekara 38. Sai dai makarantar ta ci gaba da jawo ɗalibai daga ƙasashe daban-daban. Edvard Grieg na Norway ya zo a 1858 yana ɗan shekara 15. Arthur Sullivan da Ethel Smyth na Ingila su ma a nan suka yi karatu. A 1887 makarantar ta koma ginin da take ciki har yau a titin Grassi.

Da Hitler ya hau mulki a 1933, sai aka daina kaɗa kiɗan Mendelssohn a zaurukan Jamus. Magajin garin Leipzig, Carl Goerdeler, yana ƙasar waje lokacin da aka cire mutum-mutumin. Da ya dawo ya nemi a mayar da shi, aka ƙi, shi kuwa ya ajiye muƙaminsa. An kashe shi a 1945 bisa hannu a yunƙurin kifar da Hitler.

Yaƙin Duniya na Biyu bai ƙyale makarantar ba, bama-bamai sun rusa babban zaurenta. An sake buɗe ta a 1946, kuma a 1972 gwamnatin Jamus ta Gabas ta raɗa mata cikakken sunan Mendelssohn. A 1992, bayan haɗewar Jamus, aka haɗe ta da makarantar wasan kwaikwayo ta birnin.

Sabon zauren ya buɗe a 2001. Mutum-mutumin kuwa, sai a 2008 aka kafa kwafinsa kusa da Cocin Thomas, shekara 72 bayan daren da aka tumɓuke na asali.