Asambiliman na Nima da Maamobi: yadda ake auna tarihin zaɓensa

A zangunan Akra, in an ce wane ya ci kujerar asambiliman sau uku, mutane kan ɗauka an gama magana. Asambiliman shi ne wanda Bakano zai kira kansila, sai dai tsarin Gana daban yake. Tun dokar 1988 ta zamanin Rawlings ake zaɓen majalisun gundumomi, kuma kundin tsarin mulki na 1992 ya haramta wa jam'iyyu tsayar da ɗan takara a cikinsu. Babu lemar NDC a takardar ƙuri'a, babu giwar NPP, hoton mutum ne da sunansa. Kowa a unguwa ya san inda zuciyar ɗan takara take, amma doka ba ta san da hakan ba. An shirya ƙuri'ar raba-gardama don sauya wannan a Disambar 2019, Shugaba Akufo-Addo ya soke ta ana saura kwanaki.

Wurin da ya kamata a tsaya a duba shi ne yawan masu fitowa. A zaɓen 2019, kusan mutum ɗaya cikin uku ne ya jefa ƙuri'a a faɗin ƙasar. In jama'a sun zauna a gida haka, danginka da abokan majalisarka da masallacin layinku sun isa su ɗora ka. Don haka nasara uku a jere tana iya zama shaidar aiki, tana kuma iya zama shaidar cewa sauran sun yi barci. A nemi adadin ƙuri'un, da tazarar da ya bai wa na biyu.

A kuma tuna cewa a 2018 aka cire unguwannin Nima da Maamobi daga Majalisar Birnin Akra. Nima ta zama hedikwatar Ayawaso ta Gabas, Maamobi ta faɗa Ayawaso ta Arewa. Wanda ya ci kafin nan, wata majalisa ya zauna.

Asambiliman ba ya riƙe da kuɗin aiki. Shugaban gundumar, wanda shugaban ƙasa ke naɗawa, shi ke jagorantar gudanarwa, amma sai kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar da suka kaɗa ƙuri'a sun amince da shi. A ganina, nan ne ainihin ma'auni: sau nawa ya tashi a zaure kan babbar kwatar Nima, da shara, da banɗakunan jama'a, kuma ya dawo ya tara mutanensa ya faɗa musu abin da aka yanke? Zaɓen baya an yi shi ranar 19 ga Disamba, 2023, wa'adin kuma shekara 4 ne.