Bagaruwa Da Miki

Uwargida, in yaronki ya yanke da wuƙa ko ya ƙuje gwiwa, me kike fara ɗaukowa? Iyayenmu bagaruwa suke nema, kuma suna da dalili. Cikin kwasfarta akwai wani abu mai bauri, masana suna kiransa tanin. Saboda shi ne majema ke jima da ita. A kan miki kuwa yana tsuke nama, jini ya tsagaita, kumburi ya saɓe.

Amma fa ki lura. Fara wanke hannunki da sabulu, ki ɗauraye ciwon da ruwa mai tsabta. Ki tafasa bagaruwar sosai, ki tace, ta huce, sa'an nan ki wanke wurin, ki rufe da wankakken ƙyalle. Kada ki barbaɗa garin da aka shanya a ƙasa. Ƙwayar cutar tsinkau-tsinkau cikin ƙasa da kashin dabbobi take zama, tana kuwa kisa.

In mikin ya yi zurfi, ko ƙusa ce ta soke shi, ko ya kawo mugunya da zazzaɓi, to, ya fi ƙarfin bagaruwa. Ki kai shi asibiti a ranar, kada ki kwana.